Ɗakin Saje

Ranar da motar bariki ta sauke su a ƙofar gidan, matar Saje ta riga kowa dirowa. Ta tsaya tana kallon katangar da ƙofar ƙarfen mai ruwan toka. Shekara da shekaru a hoto kawai ta san gidan nan. Ta san shi yana fili da ciyawa, ta san shi yana harsashi, ta san ranar da aka ɗora masa kwano, duk a fuskar wayar mijinta. Yau ga shi a gabanta. Ta kai hannu ta shafa katangar, ko kunyar direba ba ta ji ba.

Saje yana cikin motar yana jiran 'ya'yansa mata biyu su miƙo masa sandunansa. Nakiya ce ta tashi da shi a bakin aiki, ƙafar dama ta tafi tun daga gwiwa. Da asibiti ya sallame shi sai rundunar soja ma ta sallame shi, daga nan aka aiko cewa su ba da ɗakunan bariki domin wani yana jira. Doka ce, babu wanda ya yi gardama. Abin da ya hana matar Saje kuka a lokacin shi ne su dai suna da wurin zuwa. Ta ga matan da aka fitar daga bariki ba su san inda za su sa kansu ba. Ita mijinta ya yi gini.

Amma soja ba ya gini da kansa. Yau yana nan, gobe an tura shi can, hutun ma sai an ga dama. Saboda haka kowane soja yakan nemi wani nasa ya tsaya masa, shi kuma ya riƙa aiko da abin da ya tsakura daga albashi. Saje ya tsayar da yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, mai sayar da kayan babur. Sashe biyu aka yi: ɗaya na zama, ɗaya na haya, domin ranar da aka ajiye kaki a samu abin sawa a bakin salati. Da gini ya ƙare aka ce gida ba ya zama babu kowa, ɓarayi za su kwance famfuna su zare wayoyin lantarki. Sai Yaya ya kwaso iyalinsa ya shiga, wai don ya tsare. Ya tsare kuwa, tsarewar da ko mai gidan bai samu hanyar shiga ba.

Yaya ya fito da gudu ya rungume ƙanensa, har da hawaye. Ya kama kaya da kansa, yana yi wa yaran ba'a wai sun girma sun fi uwarsu. Matar Saje ta ɗauki ƙullin kayanta ta nufi matakalar gidan, sai ta ga Yaya ya karkata hagu, wajen wani ɗan ɗaki da ke manne da ƙofar shigowa. Sito ne, inda magina suke ajiye siminti lokacin aiki. An share shi, an shimfiɗa tabarma.

"Ku ɗan sauka nan na kwana biyu," in ji Yaya. "Yara suna tsakiyar zangon karatu. Da zarar an yi hutu za mu tashi."

Matar Saje ta dubi mijinta. Ya gyara tsayuwa a kan sandunansa, ya ce, "To, Yaya."

Sito dai sito ne, ko an share. Babu taga sai wata 'yar kafa can sama. Ƙasan ya sha siminti har ya yi tudu da kwari, in ka ajiye kofi sai ya karkace. Da rana kwanon yana dafa mutum, da asuba yana ɗiga raɓa. Gado bai shiga ba, sai katifa, akwatunan ƙarfe kuwa aka jibge su a kusurwa har rufi. Banɗaki shi ne wanda magina suka haƙa a bayan gida, sai an zaga katanga kafin a kai. 'Yan matan biyu aka ce su riƙa kwana a ciki tare da 'yan'uwansu, matar Saje ta ji daɗin wannan, har sai da ta gane cewa kwanan a farfajiyar kicin ne, kuma wanke-wanke da shara da wankin gidan duk sun dawo kansu.

Wani abu guda: babu wanda ya taɓa cewa gidan ba na Saje ba ne. Da an faɗa ma da ya fi sauƙi, da an san inda za a kai ƙara. Yaya da bakinsa yake cewa, "Gidanka ne, mu ai 'yan gadi ne." Matarsa, wadda matar Saje take kira Anti, ita ma haka. Kowa ya yarda, sai dai kullum akwai dalilin da ya sa ba yau ba.

Hutu ya zo, sai aka ce dillali ya nuna musu gidaje amma duk babu na kirki, mutum mai iyali ba ya faɗa wa kowace unguwa. Saje ya tambaya ko sashen haya zai samu, sai Yaya ya kama kai, ya ce ai 'yan hayar sun biya gaba mai nisa, kuma kuɗin duk ya tafi gyara. Wane gyara a sabon gida, Allah kaɗai ya sani. Ya ƙara da cewa shi fa rana ta ƙone shi a ginin nan, ya yi faɗa da birkiloli, ya rufe shagonsa ya tsaya kan leburori, ba don a gode masa ba. Saje ya ce ya sani, Allah ya saka da alheri.

Tun yana asibiti ya aika a yi masa ɗan gangare a gefen matakala, saboda keken guragu. An yi gangaren, ya yi kyau. Kowace yamma ta nan Yaya yake tura babur ɗinsa zuwa baranda, Saje yana zaune a ƙofar sito yana yi masa sannu da zuwa.

Wannan sannu da zuwan ita take ci wa matar Saje rai. Kullum da safe mijinta sai ya yi aski, ya sa ta goge masa riga, ya goge takalminsa guda ɗaya har yana ƙyalli, sannan ya fito da kujera ya zauna yana jiran Yaya ya fito. In ya fito su gaisa, Yaya ya ce ana nan ana ƙoƙari, Saje ya ce to. Shi ke nan maganar ranar ta ƙare. Ta yi haƙuri har haƙurin ya gaji, ran nan tana wanke masa ciwo ta ce masa ita fa ba ta gane ba. Mutumin da ya shiga daji ana ruwan harsashi, yau ya kasa buɗe baki ya ce a ba shi ɗakinsa?

Ta gama naɗe bandeji. Sannan ya ce mata shi abin da aka koya masa tun yana ƙaramin soja, na ƙasa ba ya tsallake na gaba da shi. Ka kai kukanka, in an ce ka jira sai ka jira. Yaya shi ne babba, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya raka shi tasha ranar da zai tafi horo.

"Yaya ba kwamandanka ba ne," in ji ta.

"Ya fi kwamanda," ya ce. "Kwamanda ana canza shi."

Ta kwashe ruwan ta fita, domin in ta tsaya za ta faɗi abin da za ta yi nadama.

Sau da yawa in zafi ya hana shi barcin rana yakan kwatanta mata ɗakin da ya gina wa kansa a cikin gidan. Shi ya zana shi da hannunsa a bayan kwalin magani, a wani sansani can nesa. Taga babba ta gabas, banɗaki a ciki don kada tsufa ya zo mutum yana zaga gida, da wurin da za a sa kujera ya riƙa jin rediyo. Bai taɓa ganinsa ba sai a hoto, amma ya san faɗinsa da tsawonsa kamar tafin hannunsa. Daga ƙofar sito ana hango tagar. A jikinta Anti take shanya tawul.

Da damina ta sauka, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ruwa ya riƙa bin ƙasan ƙofa yana shigowa, katifa ta jiƙe daga ƙasa, bango ya yi kore. Hanyar banɗaki ta zama laka. Wata safiya Saje ya ƙi yarda ta raka shi, ya ce shi ba jariri ba ne. Ba a jima ba ta ji ƙarar faɗuwa. Ta same shi kwance a cikin taɓo, sanda ɗaya ta yi gefe, dungulmin ƙafar ya daki dutse ya fashe. Bai yi ƙara ba. Abin da kawai ya ce shi ne ta yi sauri ta ɗaga shi kada 'yan haya su gani.

Daga ranar ciwon bai sake rufewa ba. A asibiti mai jinya ta duba, ta tambayi inda yake kwana, da aka gaya mata sai ta ce in ba a mayar da shi wuri busasshe mai iska ba, wankin da take yi aikin banza ne. Matar Saje ba ta shawarci mijinta ba. Ta jira Yaya ya gama cin abinci, ta je ta durƙusa a bakin baranda, ta gaya masa abin da aka ce. Ta ce ba ta ce su tashi ba. Ɗaki ɗaya take roƙo, ko da na yara ne.

Yaya ya yi salati, ya ce wallahi abin yana hana shi barci. Amma ta duba lamarin: babbar 'yarsa an sa mata rana, dangin mijin a gidan nan suka zo neman aure, gidan nan suka sani. In suka zo suka tarar an raba gida, ga mara lafiya a ɗaki, ga warin magani, me za su ɗauka? 'Yarsa ai 'yar Saje ce, mutuncinta mutuncinsa ne. A bari biki ya wuce, ranar da aka kai amarya, ranar zai fara ɗaure kaya.

Kafin bikin Anti ta leƙo sito, karon farko da ta sa ƙafa a ciki. Ta tsaya a bakin ƙofa tana toshe hanci da gefen mayafi, ta ce ta ji yara suna cewa akwai labule a akwati, ko za a ara musu na fita kunya. Labulen nan matar Saje ta daɗe da ɗinka su. A bariki ba ta taɓa rataya su ba, ta ce ba za ta ɓata su a tagar gwamnati ba. Duk inda aka yi musu canji suna cikin akwati, da ƙwayar kafur a tsakaninsu. Ta so ta ce a'a, sai ta ji mijinta daga kan katifa yana cewa a ba su. Da yamma ta shiga ɗebo ruwa, ta gan su a falo. Sun zauna daidai, ko yatsa ba su rage ba, domin da awon tagogin aka ɗinka su. Ta ajiye bokitin ta koma bayan gida, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka yanke ƙafar.

An yi biki. Don kada baƙi su yi ta tambaya, aka roƙi Saje ya rufe ƙofar sito har a watse. Ya rufe. Yana ciki cikin duhu da zazzaɓi, ana kiɗa a tsakar gidansa.

Tsohuwa, mahaifiyarsu, ta zo bikin, kuma matar Saje ta ɗora duk begenta a kanta. Uwa ce, in ta ga inda ɗanta yake kwance ai magana ta ƙare. Ta gani kuwa. Ta zauna a kan akwati ta yi hawaye, ta tofa masa addu'a. Sannan ta share ido ta ce ya yi haƙuri da yayansa. Shi Saje gwamnati tana ba shi fansho, shi kuwa wancan ba shi da kowa sai Allah, ga 'ya'ya rututu. In ya fitar da shi duniya za ta zage su, a ce ɗan'uwa ya kori ɗan'uwa. Ta ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ta faɗi haka ne ga mutumin da aka yanke wa ƙafa, kuma ko a jikinta. Da za ta tafi ta ja surukarta gefe, ta ce mata mace tagari haɗa zumunci take yi, ba ta zuga miji. A ɗakin baƙi na cikin gidan ta kwana, ta ce katifar tana da laushi.

Biki ya wuce, ba a ɗaure ko tsinke ba. Sabon dalili shi ne biki ya cinye komai, sai an ɗan farfaɗo.

Ana cikin haka wani kofur da suka yi aiki tare ya zo duba shi, da abokai biyu. Matar Saje ce ta kira shi a ɓoye. Da suka sunkuya suka shiga sito, kofur ya dubi bango, ya dubi katifar, ya dubi Saje da ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, sai ya fita waje ya tsaya. Da ya dawo idonsa ya yi ja. Ya ce Saje ya ba shi izini kawai. Gobe war haka zai zo da mota da samari, ba za su taɓa kowa ba, kaya kawai za su fitar su jera a titi, kafin azahar Saje yana kan gadonsa.

Matar Saje ta juya wajen katifa. Ta ga mijinta ya ɗaga kai ya dubi wajen tagar nan, ya daɗe yana kallo. Wallahi ta ga yana so. Sai ya girgiza kai.

"Ba a ba mu kaki don mu shiga wa 'ya'yan uwarmu gida da shi ba," ya ce. "In kun yi, gobe a ce soja ya yi wa farar hula fin ƙarfi. Ku bari. Zan yi masa magana da kaina."

Kofur ya ce, "Oga, wannan wurin zai kashe ka."

"Na ce ku bari."

Suka miƙe suka sara masa, domin har yanzu shi ne na gaba da su. Matar Saje ba ta raka su ba. Ranar ta ji haushin mijinta har cikin ƙashinta, kuma ranar ta fi jin tausayinsa.

Ya cika alkawari. Washegari ya yi aski har ya yanke haɓa. Ta goge masa riga. Bai zauna a kujera ba, ya tsaya a kan sandunansa a tsakiyar hanya, inda babur ba zai wuce ba sai ya kauce. Da Yaya ya fito ya gaishe shi, sannan ya ce, a hankali, kamar mai karanta rahoto:

"Yaya, jikina ya ƙi. Ban ce ka tashi ba, ka zauna har iyakar yadda kake so. Ɗakina kawai nake roƙo. Ina so in kwanta a ciki."

Yaya ya kashe babur. Ya ɗago da fuskar wanda aka zalunta. Ya ce ashe ranar za ta zo. Ashe duk wahalar da ya sha, ƙarshenta a tsare shi a hanya kamar ɓarawo a gaban 'yan haya. Ɗakin da ake magana ai nan matarsa take, nan kayanta suke, a fitar da ita a kai ta ina? Ya san ba Saje ne yake magana ba, an dai sa shi ne. Amma ba komai, a ba shi zuwa ƙarshen wata.

Saje ya ja sandunansa ya kauce, babur ya wuce.

Daga ranar bai sake aski ba. Bai sake fitowa ƙofa ba, kuma bai sake kwatanta mata ɗakin ba. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, wani ma ya bi shi. Ciwon ya haura cinya, ɗakin ya ɗauki warin da turare ba ya kashewa. Asibiti suka kwantar da shi suka sallame shi, suka ce a ci gaba da magani a gida. A gida! Motar haya ta sake ajiye su a ƙofar sito. Anti takan aiko da abinci wani lokaci, a ajiye a bakin ƙofa. Yaya yakan tsaya daga waje ya ce, "Soja, ya jiki?" In ba a amsa ba sai ya ce barci yake, Allah ya ƙara sauƙi.

Ya cika wata rana ana kiran la'asar. Kansa yana kan cinyarta, 'yan matan suna cikin gida suna wanke-wanke. Bai bar wasiyya ba, bai ambaci kowa da sharri ba. Ta rufe masa ido, sannan ta kira kofur, ta kuma leƙa ta gaya wa Anti.

Abin da ya kasa faruwa a watanni, sai ga shi ya faru kafin a sallame salla. Yaya ya dawo a guje. Da ya ji cewa daga bariki za a turo hafsa da sojoji, ga kuma mutanen unguwa sun fara taruwa, sai ya ce haba, ai abin kunya ne a fitar da gawar ƙanensa daga sito. Nan da nan aka kwashe kayan Anti daga kan gado, aka shimfiɗa sabon zane, aka kunna turare. Yaya da wani ɗan haya suka ɗauko Saje a cikin bargo, suka shiga da shi. Aka ja ƙofar sito aka sa kwaɗo.

Matar Saje ta bi su. Wannan ne karon farko da ta ga ɗakin da idonta. Komai yana nan yadda ya faɗa. Faɗi, iska, ƙasa busasshiya mai santsi, ƙofar banɗaki taku kaɗan daga gado. Da nan yake kwana, da bai faɗi a laka ba. Ta tsaya a gefen gadon tana kallonsa. Ya yi ƙanƙanta a kai ƙwarai.

Mutane suka riƙa shigowa. Wani dattijo makwabci, wanda tun da ya tare a unguwar a matsayin gidan Yaya ya san gidan, ya riƙe hannun Yaya da hannu biyu. Ya ce a wannan zamani samun wanda zai ɗauko ɗan'uwa nakasasshe da iyalinsa ya ajiye a gidansa, har ya bar masa ɗakinsa ya yi jinya, sai an tona. Ya juyo wajen matar Saje ya ce ta riƙe wannan alheri, kada ta manta. Yaya ya sunkuyar da kai yana share ido, ya ce ai ɗan'uwa rabin jiki ne.

Ba ta ƙaryata ba. Ba ta da ƙarfin wannan, kuma ba shi ne a ranta ba. Ta jira ɗakin ya ɗan rage, ta matsa kusa da Yaya ta durƙusa. Rana ta riga ta yi sanyi, kuma ba baƙon abu ba ne a bar wanda ya rasu da yamma sai safiya, musamman da ba a gama sanar da dangi ba, tsohuwa ma tana hanya.

"Yaya," ta ce, muryarta ba ta fita sosai, "a bar shi sai da safe. Ya kwana a nan. Dare ɗaya."

Yaya ya dube ta, ta kuma san ya gane abin da take nufi. Ya kawar da kai. Ya ce gaggauta sutura shi ne mafi alheri ga mamaci, jinkiri ba shi da amfani, an riga an aika a haƙa kabari, kuma in aka yi sauri za a samu kafin rana ta faɗi. Duk abin da ya faɗa babu ƙarya a ciki, shi ya sa babu wanda zai ce masa a'a.

Ta juya wajen Anti, ko ciwon 'ya mace zai zama na 'ya mace. Anti ta dafa kafaɗarta, ta sunkuyo kusa da kunnenta don kada baƙi su ji.

"Ki yi haƙuri," ta ce. "In ya kwana a nan, mu kuma mu kwana ina?"

Mutane suna tsoron ɓarawon da zai haura katanga, shi ya sa suke neman nasu ya tsare musu gida. Ɓarawo famfo zai cire, ya zare waya, gari ya waye a kira shi ɓarawo. Wanda ya cinye Saje kuwa, da sallama ya shiga, da mabuɗin da aka danƙa masa, bai taɓa ɗaga murya ba, bai taɓa cewa a'a ba. Gobe kawai yake cewa, kuma da ita ya kashe mutum, aka zo ana yi masa ta'aziyya ana sa masa albarka.

Sojoji suka iso, suka sara, suka ɗauka. Matar Saje ta tsaya a baranda riƙe da 'ya'yanta biyu har makarar ta fita ƙofa. A bayanta ta ji Anti tana ce wa yara su yaye zanen gadon su buɗe taga ɗakin ya sha iska.

Saje ya ba ɗakin nan ƙuruciyarsa da albashinsa da ƙafarsa. Zaman da ya yi a ciki bai kai daga la'asar zuwa magariba ba, kuma bai san ya shiga ba.